Kafin Ki Tafi Scotland Koyon Saƙa

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga yayar Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki da natsuwar zuciya. Ya tsare ki a zaune da tafe, ya raba ki da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Za ki yi mamakin samun takarda daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nata. Kada ki yi. Akwai maganar da ba zan iya haɗa ido da ke in faɗa ba, kuma kin san halina.

Makarantar nan ta Scotland ta ba ki gurbin koyon saƙa da tsara yadi, ta ɗauke miki nauyin karatun. Babanki ya sa albarka tun ranar da saƙon ya zo. Ni na yi shiru. Juma'ar da ta wuce ina yanka albasa kika tsaya a ƙofar kicin kika ce, "Umma, in ba ki faɗa da bakinki kin yarda ba, zan rubuta musu su ba wata. Ba zan hau jirgi a kan shirunki ba." Na ce ki miƙo min gishiri. Kika miƙo, kika fita. Na san wa'adin da suka ba ki ya kusa cika, kuma na san ba wasa kike yi ba.

Zan ba ki amsa, amma ba a farkon takarda ba. Ki ƙara haƙuri ki fara jin abin da ya ɗaure min baki. Kurakuraina ne, kuma babu wanda bai taɓa ki ba a cikinsu, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Na zo ƙasar nan ina amarya, babanki yana ɗalibi. Muna Madinat Nasr a gidan haya da muka raba da wasu 'yan gida Najeriya. Larabcina na Islamiyya ne, ba ya sayo tumatir. Duk inda na shiga sai an tambaye ni daga ina nake. In na ce Najeriya, wani ya kawo zancen ƙwallo, wani ya yi wata irin dariya, mai tasi ya canja murya. Wata 'yar Sudan da muke haɗuwa a kasuwa ta ce min, "Ki ce Aswan, khalas, shi ke nan, a rabu da ke." Mutanen Aswan, can kudancin Masar, baƙaƙe ne kamar mu, kuma 'yan ƙasa ne, ba mai ƙara musu tambaya. Na fara faɗa. Ban san ko an yarda da ni ba, amma an daina tsare ni.

Da kika fara wayo sai na koya miki. Wata rana muna cikin metro, a taragon mata, kika ɗaga murya kina ba ni labarin wata kyanwa da Hausa. Na sa yatsu biyu na mintsine ki a cinya, na ce, "A waje ba a Hausa." Can wata tsohuwa ta sunkuyo ta ce miki, "Habibti, 'yar ina ce ke?" Kika dube ni, sannan kika ce, "Aswan." Ta ce mutanen kirki, ta ba ki alawa. Na ji daɗi a ranar. Na ɗauka dabarar zaman duniya na koya miki. Ashe ƙarya na koya miki, kuma mafi munin ƙarya, wadda mutum yake yi a kan kansa.

Ban ga girman abin ba sai ranar da malamar makarantar nan ta yi hira da ke ta kwamfuta. Ina falo ina ninke wanki, kin ɗauka hankalina ba ya wurin. Turancina na sakandare ya isa in bi ku. Kika ce kina murnar zuwa Ingila. Matar nan mai furfura ta yi dariya, ta ɗaga yatsa ta ce ba Ingila ba ce, Scotland ce, kuma in kin zo za ki gane bambancin. Sai ta ce, "Ke fa, in an tambaye ki, 'yar ina kike cewa?" Kika yi shiru. Kika ce Alƙahira, kika ce Najeriya, sannan kika ce zancen yana da tsawo. Wannan shirun ba naki ba ne. Ni na dasa shi da yatsu biyu.

To, ki ji. Mutanen da za ki je wurinsu fasfo ɗaya suke riƙewa da Turawan Ingila, sarki ɗaya ne a kansu, amma ba su yarda a kira su da sunan da ba nasu ba, ko da wasa. Wanda yake haka da kansa zai tambaye ki ke wace ce, kuma zai lura in kin yi inda-inda. Ki shirya amsarki tun daga nan. Ke Bahaushiya ce, iyayenki 'yan Ɗambatta, an haife ki a Alƙahira, ruwan Nilu kika sha kika girma. Duka gaskiya ne, kuma numfashi ɗaya ya ishe ki ki faɗa. Kada ki ce Masar kaɗai don kin ga idonsu yana haske in an ambaci dala da Fir'auna. Kada kuma ki yi wa Masar butulci, ta ciyar da mu ba ta kore mu ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Na ɗaura shi na gani.

Ke kika ba ni labari cewa a tsibiransu akwai wani tsohon harshe da a da ake dukan yara in sun yi shi a makaranta, yanzu kuma jikoki ne suke zama a aji suna neman abin da kakanninsu suka sha a nono. Kina faɗa kina tausayinsu. Ni na kasa duban ki, don ni ba malamin makaranta ba ne ya yi wa 'ya'yana haka. Hausarki tana ɗingishi, ta Usman ma ta fi taki rauni. Da gangan na rubuta miki wannan da Hausa. Kalmar da ta fi ƙarfinki ki tambayi babanki, kada ki zuba ta a waya ta juya miki. Duk ranar da za mu yi magana daga nesa, da Hausa za mu yi. In kin yi min Larabci zan yi kamar layin ya lalace.

Kuskure na biyu ya girme ki.

Inna, mahaifiyata, ba ki san ta ba sai a hoto. A unguwarmu kowa ya san zarenta. Da kanta take gurje auduga, ta shiɓe ta, ta zauna a tabarma da mazari da ɗan alli a gefe, ta kaɗa zare siriri kamar gashi. Wani ta kai marina a rine, ta ba masaƙa su yi mata saƙi, yadin nan mai ƙananan gidaje baƙi da fari kamar jikin zabuwa. Mai kaurin kuwa ita take saƙa shi da hannunta a masaƙar mata da ke jingine da bangon ɗakinta.

Ni aka kai ni sakandaren kwana. Na dawo hutu da farin takalmi da Turanci a baki. Ta ce, "Zo ki zauna in nuna miki, hannunki ya kama tun ina da ido."

Na ce, "Inna, wa yake sa wannan yanzu? Ga atamfa cike da kasuwa."

Ta ce, "To, Baturiya. Allah ya bar mana atamfa."

Ba ta sake kirana ba. Ta ci gaba da kaɗinta, ni kuma ina gefe ina karanta littafin labarin ƙasa da ƙarfi don maƙwabta su ji.

Kin tuna ranar da kika kawo min wayarki kina nuna min yadin mutanen Scotland mai gida-gida? Kika ce kowace zuri'a da irin nata, mutum yakan ga yadi ya san gidan da mai shi ya fito. Kika ce, "Umma, mu ba mu da irin wannan?" Na ce ban sani ba, na tashi na fita baranda. Na sani. Muna da shi, a cikinsa na girma. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake yin sa, don ranar da aka kira ni in koya na ƙi zama. Zaren ya taho daga kaka zuwa kaka, a hannuna ya tsinke. Allah da ikonsa ya tsallake ni ya sa son abin a zuciyarki. Ba wanda ya nuna miki. Ke kika riƙa kai kanki titin masu ɗinkin tanti bayan an tashi makaranta, kina tsaye kina kallon hannunsu har suka ba ki allura.

Saboda haka, duk inda aka kai ki wurin tsofaffin masaƙansu, ki zauna ƙasa da su, ki rage magana, ki kalli hannu. Kada takardar shaida ta sa ki ji kin wuce a koya miki. Irin yadin wata zuri'a ba abin wasa ba ne, ki tambaya kafin ki taɓa shi a aikinki, kamar yadda za ki so a tambaye mu. Kuma akwai bashin tafiya a kanki. Ƙanwar Inna, Iya Abu, tana nan da rai a Ɗambatta, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta ba. Duk hutun da Allah ya hore miki, can za ki fara zuwa, ba nan ba. Ni zan jira. Ita ba ta da lokacin jira.

Akwai abin da ya biyo bayan wannan, shi ma sai na faɗa. Da aka haife ki, Inna ta aiko da majanyi ta hannun wani ɗalibi. Ita ta kaɗa, ita ta saƙa, fari mai ratsin shuɗi. Sau ɗaya na goya ki da shi na fita kasuwa. Mata suka bi ni da ido, yara suka biyo ni suna nuni, wata ta tare ni ta ce zan karya wa jaririya ƙafafu. Na dawo gida na kwance ki, ban ƙara goya ki a waje ba. Majanyin ya koma murfin tukunyar gas. Daga baya ya zama abin goge ƙasa. Da za mu taso daga Madinat Nasr zuwa Ainu Shams na bar shi cikin tarkacen da na ba matar mai gadi. Inna ta aiko da kaset tana tambaya, "Majanyin ya yi kuwa? Bai yi kauri ba?" Na mayar mata da amsa cewa ya yi.

Yau da zai kasance a hannuna, da shi zan sa miki a jaka, ki kai wa malamarki ki ce ga namu. Ba ni da shi. Ba ni da komai na hannun Inna. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ba a ce ka yanke ƙafarka ba. Dariyar mutane ba ta kai yamma, amma abin da kika yar saboda ita ba ya dawowa. Za a kalli mayafinki, za a kalli fatarki, wani zai kalli sallarki. Ki bar su su gama kallo.

Kuskure na uku bai daɗe ba, kuma kina wurin.

Ranar sunan da aka yi a gidan Hajiya Talatu, matar nan da ke sayar mana da daddawa da kuka, falo cike da matan 'yan gida, ta dube ni ta ce, "Maman Usman, wai da gaske har Turai za a kai yarinya koyon saƙa? Ai da kun yi magana da na haɗa ku da tsohuwarmu a Gwarzo. Kyauta za ta koya mata, har da tuwo."

Wata ta ce, "'Ya'yan mutane suna likita, taku tana ƙoshiyar saƙa."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na ce, "Ai rigimar babanta ce, ni ba ruwana." Na ɗago kai sai ga ki a bakin ƙofa da tiren shayi. Kika ajiye, kika zuba wa kowa, har da ni. Na sayar da ke a ranar don kada a yi dariyar da ni. Shekaru sun ja tun ranar farin takalmi, amma ashe yarinyar nan tana nan a cikina ba ta girma ba.

Ki ɗauki darasi biyu daga nan. Na farko, sana'a ba ta neman izinin masu dariya. Amma sana'a ce, ba nishaɗi ba. Na ji abokanki na makarantar zane suna cewa ba sa aiki sai abin ya zo musu. Inna ba ta taɓa jiran wani abu ya zo mata ba. Ta yi asuba, ta share tsakar gida, ta zauna. Ki tashi ki yi aiki ranar da kike so da ranar da ba kya so. Abin da kika yi alkawari ki gama shi a ranarsa. Ki koyi na hannu, ki koyi na inji, don ba kullum ake samun mai neman na hannu ba, kuma yunwa ba ta san gwaninta ba. Ki sa sunanki a aikinki, kada kunya ta sa wani ya ɗauke shi ya ce nasa ne. Wanda ya koya miki kuma ki ambace shi, ko da tsohon da ya fara ba ki allura ne.

Na biyu ya fi nauyi. A can ba dariya kaɗai za ki tarar ba, za ki tarar da tafi, kuma tafi ya fi dariya haɗari. Akwai masu son a kawo musu labarin tausayi. Za su so su ji cewa kin tsero daga duhu, daga uwa mai tsanani da addini mai takura, su kuma suka buɗe miki ƙofa. In kin ba su wannan labarin za su rataye yadinki a wuri mai kyau. Kada ki ba su. Na yi miki laifi, ga shi ina lissafa miki da hannuna, amma tsakanina da ke ne. Kada ki yi wa mutanenki abin da na yi miki a falon Hajiya Talatu. In yadin bai isa ya tsaya da kansa ba sai an jingina shi da hawayenki, ki koma ki sake saƙa shi.

Sauran abubuwan zaman can ba zan tsawaita ba, kin san tarbiyyar gidan nan. An ce da sanyi rana takan faɗi tun mutum bai gama la'asar ba, da zafi kuma dare ba ya cika duhu. Ki nemi masallaci tun makon farko, ki tambayi malamai yadda ake sallah da azumi a wurin, kada ki zama mai ba kanki fatawa. Giyarsu abin alfaharinsu ce. Ba sai kin zaga ba, ba sai kin ɗanɗana ba, ki ce ba kya sha, ki tsaya a nan. Rawarsu ta biki da maza da mata suke kama hannu, ki kalla, ki yi musu fatan alheri, hannunki ya zauna a wurinsa. In kin ga namiji da gemunsa ya ɗaura zane iya gwiwa, kada ki kuskura ki yi dariya. Tufafin kakanninsa ne, kuma ya fi ni jarumta da ya fito da shi kasuwa. Abincin nan nasu na tumbin tunkiya da kika nuna min, ai ɗan'uwan mumbar ɗin Misrawa ne, hanjin nan da suke cusa wa shinkafa, ba abin ƙyama ba, sai dai ki tambayi wanda ya yanka. Ki nemi dattijuwa guda mai tsoron Allah ki riƙe ta uwa. Ki sa rigar sanyi ko da kin ga rana.

Saura kuskuren da ya fi yi min wuyar rubutawa.

Ranar da aka baje kolin aikinku a makarantar zane, mun je da Umm Hani, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa. Da ta ga yadinki a rataye sai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar mutane, ta kama fuskarki tana sumbata, tana cewa 'yarmu ce, 'yar gidanmu ce. Ni na matsa, na kama bakin yadin, na ce, "Gefen nan bai miƙe ba." A ƙaramar bas muna dawowa kika ce min da Larabci, don ya fi shiga, "Anti Umm Hani ta fi ki murna da ni." Na ce, "Gyara mayafinki."

Ke ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka Inna ta yi wa yayana, haka aka yi mata. Ba zan ba ki haƙuri a kan kunya ba, don ba abin kunya ba ce. Kada ma ki duba ƙasan takardar nan kina neman sunanki, ba za ki gan shi ba. Abin da baki bai saba ba, alƙalami ma bai saba ba.

Amma ga inda na yi kuskure. Al'adar nan rabi biyu ce. Uwa takan ja da baya ne saboda gida cike yake. Kaka ta ɗauke ki ta goya, gwaggo ta yi miki kirari, ƙanwar uwa ta ɓoye miki nama. In kika yi kuka kika ce uwarki ba ta son ki, su yi dariya su ce, "Ke dai ba ki da wayo. Kunya ce. Ba ki ga ita ce ba ta cin abinci in kina zazzaɓi ba?" Ni na ɗauko rabina na hau jirgi da shi, na baro ɗaya rabin a Ɗambatta. Na ja da baya a gidan da ba kowa a bayana. Kika tashi a cikin mutanen da uwa take kiran 'yarta ruhina da idona tun daga baranda har titi, kina auna ni da mudunsu. Ba wanda ya fassara miki ni, ni kuma ban ga ya kamata in fassara kaina ba.

Gefen yadin nan da gaske bai miƙe ba, kuma ki kula da shi nan gaba. Amma na ga sauran. Na ga kin kamo launin ginin unguwar nan da la'asar, da shuɗin da ban san inda kika samo shi ba. Hannuna ya daɗe a kan yadin fiye da yadda neman kuskure yake buƙata.

Na lura kin gaji shiruna. Ki sauke shi kafin ki sauka a ƙasar mutane. A can ba mai karanta shiru. In ba ki da lafiya ki faɗa. In an zalunce ki ki faɗa, da ladabi, amma a ji. In an yi miki alheri ki gode da baki. Malamin da kullum gyara yake miki kada ki ɗauka ƙinki yake yi. Wanda kullum yabo yake miki shi za ki sa wa ido.

Yanzu ga dalilin shiruna a kan tafiyar nan, ba ado. Na ji tsoro iri biyu. Na ga ban cika ki da sanin kanki ba, na ga kamar zan ajiye ƙwarya ba komai a ciki a ƙasar da kullum ake ruwa, duk abin da ya zubo shi zai cika ta. Na biyu kuma, ni ma haka na yi sallama da Inna, na ce karatun Malam, wato babanki, kawai zan jira in dawo. Karatu ya ƙare, aiki ya zo, haihuwa ta zo. Ina nan Ainu Shams aka bugo aka ce an binne ta. Na san yadda 'ya take tafiya da niyyar dawowa. Na yi tunanin in ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba, wa'adin zai wuce da kansa, ki zauna, ba kuma za a ce ni na hana ba. Wannan ba tarbiyya ba ce, ragonci ne, kuma ba zan ƙara shi a kan waɗanda na lissafa ba.

Maganarki a ƙofar kicin ita ta warware min tsoro na farko. Yarinyar da za ta ajiye abin da ta fi so a duniya saboda kalma ɗaya daga uwar da ba ta taɓa yaba mata ba, ba ƙwarya ce marar komai ba. Wani ya cika ta, ko da ba ni ba ce. Na biyun kuwa ba ki da maganinsa, ni ma ba ni da shi. Nawa ne, zan ɗauka, kamar yadda aka ɗauka domina.

Kada ki rubuta musu cewa kin fasa. Ki rubuta ki ce kina zuwa. Na yarda ki tafi, na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe min.

Allah ya kai ki lafiya, ya saukar da ke a hannun mutanen kirki. Ya tsare miki imaninki da mutuncinki da lafiyarki a ƙasar da ba ki da kowa sai shi. Ya sa albarka a hannunki, ya sa ki ci halal da shi. Ya kare ki daga sanyin ƙasar da sanyin zuciya, daga abokin banza da yabon banza. Na ba shi ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa. In da rabon mu sake ganawa, ya haɗa mu cikin alheri.

Na san kin ce da baki kike so, kuma takarda ba baki ba ce. In kin gama karantawa ki ninke ta ki same ni a kicin. Ki sake tambayata. Zan juya miki baya ina magana, ki yi haƙuri da hakan. Ki kasa kunne da kyau, don murya ba lallai ta fita sosai ba.

Wassalam,
Mahaifiyarki